Kwashe Kukis Daga Wata Kwamfuta Zuwa Wata: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Ranar da na sauya kwamfuta, wata dabara ta faɗo mini a rai, har ina ganin babu wanda ya riga ni. Tsohuwar ta gaji, batirinta ba ya riƙe caji ko na minti goma, fankarta kuma na ƙara kamar injin markaɗe. Na sayi wata ta hannu mai ɗan dama-dama. Maimakon in zauna ina bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, ina laluben kalmomin sirrin da rabona da rubuta su an fi shekara, sai na ce bari in kwashe foldar Chrome ɗungurungum a filasha, in juye ta a sabuwar. Haka kuwa na yi. Na buɗe burauza, sai ga shafukan da na yi wa alama duk sun zo, tarihin yawona a intanet ma ya biyo su. Na danna akwatin imel ɗina, ya ce in sa kalmar sirri. Na danna Facebook, shi ma haka. Duk inda na leƙa, kallon baƙo ake yi mini.

Na koma shagon da na sayi kwamfutar. Yaron da ke gyara a wurin ko ɗago kai bai yi ba daga allon da yake kwancewa.

"Oga, ai kukis ɗin ne ba su buɗu ba. Kaya ka kwaso a kulle."

"To a ɗauko makullin mana."

Ya yi dariya. "Makullin nan, oga, waccan kwamfutar kaɗai ta san shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma bayanin maganar tasa shi ne kusan duk abin da mutum yake bukatar sani a wannan batu.

Ƙa'idar da burauza take magana da shafukan intanet da ita, wadda ake kira HTTP, ba ta riƙe komai a ka. Duk sanda ka danna wani abu, kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wato uwar garke, tana karɓar ka ne kamar yau ta fara ganin ka, ko da daƙiƙa biyu da suka wuce ka gaya mata sunanka. A 1994 wani injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, Lou Montulli, ya samo mafita, domin a lokacin ana son shagunan intanet su iya tuna abin da mai saye ya zuba a kwandonsa. Dabarar ita ce shafin ya miƙa wa burauza wani ɗan guntun rubutu ta adana, duk dawowar da za ta yi kuma ta nuna shi. Wannan guntun rubutun shi ne kuki. Ba shi da girma, yawanci bai wuce baiti 4,096 ba, kuma tsarin da ake bi a kansa yau yana cikin wata takardar ƙa'ida mai lamba RFC 6265 da ta fito a 2011.

Akasarin kukis ɗin da ke kwamfutarka tarkace ne. Wani yana tuna harshen da ka zaɓa, wani na masu talla ne da ke bin sawunka. Wanda ya dame mu shi ne kukin shaida, wanda shafi yake ba ka bayan ka sa kalmar sirri daidai. Ka ɗauke shi kamar katin asibiti. Tarihin ciwonka ba ya jikin katin, lamba ce kawai a kai, fayil ɗinka yana can ɗakin ajiyar kati, kuma da lambar ake zaƙulo shi. Sai dai a asibiti akwai mai kallon fuskarka. Uwar garke ta fi kama da mai gadin babura a bakin kasuwa ranar da kasuwa ta cika: duk wanda ya miƙo masa 'yar lambar da ya bayar, shi ne mai babur. Ke nan wanda ya ɗauke kukin shaidarka ya kai wata kwamfuta, zai iya shiga asusunka ba tare da kalmar sirri ba, ba kuma tare da lambar nan da ake turowa ta waya ba, don an riga an wuce wannan shingen kafin a ba da kukin.

Masu neman yin wannan ƙaura ta hanyar manhaja, ba da hannu ba, suna da dalilai na halal. Akwai mai gwajin manhaja da ke da shirin da yake buɗe shafin kamfaninsu sau ɗaruruwa a rana don duba ko wani abu ya lalace, ba zai yiwu kowane zagaye a tsaya sa kalmar sirri da jiran saƙon waya ba. Akwai mai son sauke darussan bidiyo da ya biya kuɗinsu a kan wata kwamfuta da ba ta da allo balle burauza. Akwai ma'aikacin ofis da aka ce ya sauya wa mutum arba'in kwamfuta a ƙarshen mako. Tsarin daidaita bayanai na Chrome da na Firefox, wanda ke kai maka alamomin shafi da kalmomin sirri da tarihi zuwa sabuwar na'ura, ba ya ɗaukar kukis, kuma da gangan aka bar su. Shi ya sa mutane suke komawa ga rubuta 'yan umarni da kansu.

Firefox ce mai sauƙin kai. Idan ka rubuta about:profiles a wurin adireshi, za ta nuna maka foldar da take ajiye kayanka. A ciki akwai fayil mai suna cookies.sqlite. Ɗan ƙaramin rumbun bayanai ne irin na SQLite, yana da jadawali mai suna moz_cookies, kowane kuki da layinsa: sunan shafin da ya ba da shi, sunan kukin, abin da ke cikinsa, da ranar da zai mutu. Babu kulle ko ɗaya. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin da manhajar duba SQLite zai karanta komai ɓaro-ɓaro. Ka kwafe shi, ka ajiye a foldar Firefox ta sabuwar kwamfuta, yawanci magana ta ƙare, ko da daga Windows ka ɗauko zuwa Linux. Mai rubuta shiri da Python ma ba ya bukatar sauke komai, domin harshen yana zuwa da kayan karanta SQLite a cikinsa, kuma da layi kaɗan zai tsamo kukis ɗin shafi guda ya bar sauran.

Abin da ke kayar da mutane a nan shi ne gaggawa. Idan Firefox tana buɗe, sababbin canje-canje ba sa shiga babban fayil ɗin nan take, suna fara sauka ne a wani na gefensa mai suna cookies.sqlite-wal. Wanda ya kwafi babban ya bar ƙaramin zai iya tarar da cewa kukin da ya fi bukata, na shigar da ya yi ɗazun nan, bai biyo shi ba. A rufe burauzar tukuna a duka kwamfutocin biyu. Kuma kada a ɗauko fayil daga sabuwar fitowar Firefox a kai wa tsohuwa, don tsarin jadawalin yana canzawa lokaci zuwa lokaci.

Sauƙin nan kaifi biyu gare shi. Abin da ya sa ƙaurar ta yi maka daɗi shi ne zai sa ta yi wa wanda ya ari kwamfutarka na minti biyar daɗi.

Chrome kuwa, da 'yan uwanta da aka gina a kan tushe ɗaya irin su Edge da Brave da Opera, labarinsu daban ne. Ita ma SQLite take amfani da shi, a fayil mai suna Cookies, wanda a Windows yake cikin wata folda mai suna Network. Ka buɗe shi za ka ga sunayen shafuka da na kukis da ranakunsu, amma gurbin da ainihin abin yake, encrypted_value, haruffa ne a hargitse da ba su karantuwa. An kulle su da wani makulli, makullin kuma yana ajiye a fayil mai suna Local State. Ni na kwaso wannan fayil ɗin ma, tunda foldar gaba ɗaya na ɗauka. Abin da ban sani ba shi ne shi kansa makullin a kulle yake. Windows tana da wani tsari mai suna DPAPI da ke kulle sirri ta yadda asusun mutumin da ya kulle shi ne kaɗai zai buɗe. Na zo da akwati, na zo da ƙaramin akwatin da makullinsa yake ciki, amma mai buɗe ƙaramin akwatin yana can jikin tsohuwar kwamfuta. Da Chrome ta sabuwar ta gwada ta kasa, ba ta yi mini ƙorafi ba, watsi kawai ta yi da kukis ɗin ta ci gaba da harkarta.

Wannan tsarin na makulli a cikin Local State ya fara ne da Chrome 80 a 2020. Yana hana kwafar fayil zuwa wata kwamfuta, amma yana da gibi: duk wata manhaja da ke aiki da sunanka a kwamfutar, mai kyau ko muguwa, tana iya roƙon Windows ta buɗe mata, Windows kuma ba za ta ƙi ba. A watan Yulin 2024, da fitowar Chrome 127, Google ya ƙara wani kulle a Windows wanda yake ɗaure makullin da ita kanta manhajar Chrome, ta yadda sai an tabbatar ita ce ke tambaya kafin a buɗe. Mai leƙa fayil ɗin zai gane bambancin daga haruffa ukun farko: tsohon kulle yana farawa da v10, sabon da v20. Tun daga lokacin, tarin tsofaffin shirye-shiryen da mutane suka rubuta don karanta kukis ɗin Chrome a Windows suka daina aiki. Idan ka tsinci wani a intanet mai shekara huɗu ko biyar, ya ƙi yi maka, ba kai ka yi kuskure ba.

A kwamfutocin Apple sirrin yana cikin ma'ajiyar da ake kira Keychain, ƙarƙashin sunan Chrome Safe Storage, kuma kwamfutar takan tambayi mai ita kafin ta bari wata manhaja ta taɓa shi. A Linux ana dogara da ma'ajiyar GNOME Keyring ko KWallet. Idan babu ko ɗaya, Chrome tana komawa ga wata kalmar sirri da aka rubuta a cikin jikin manhajar, iri ɗaya ga kowa a duniya, kalmar kuwa ita ce peanuts, wato gyaɗa. Duk wanda ya karanta tushen manhajar ya san ta. Kulle ne irin na ƙofar kara, yana hana akuya, ba ya hana ɓarawo.

Akwai wani tarkon da ba na kulle ba ne, na lissafin lokaci. Kowane kuki yana da ranar mutuwa, amma burauzoji ba su yarda da rana ɗaya ta fara ƙirga ba. Yawancin manhajoji suna ƙirga daƙiƙoƙi daga 1 ga Janairun 1970. Safari daga 2001 take farawa. Chrome kuwa tana ƙirgawa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, tun daga 1 ga Janairun 1601, shekara 203 kafin jihadin Shehu Usmanu, gadon da ta ɗauko daga yadda Windows take lissafi. Shi ya sa ranar kuki a Chrome take fitowa da lambobi 17. Mai mayar da ita zuwa lissafin 1970 sai ya raba da miliyan ɗaya, sannan ya cire 11,644,473,600. Wanda ya manta wannan, ko dai kukinsa ya isa a mace, ko ya isa da ranar da babu manhajar da za ta yarda da ita.

To idan fasa akwatin ya yi wuya, me ya rage? A tambayi mai akwatin. Burauza tana buɗe kukis ɗinta da kanta duk sanda take aiki, in ba haka ba ba za ta iya aika su ba. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a sa ta fitar da su a buɗe a tsohuwar kwamfuta, a ɗauke su a wani fayil na rubutu, a miƙa wa burauza ko manhajar sabuwar kwamfuta, ita kuma ta kulle su da nata makullin.

Fayil ɗin da aka fi amfani da shi wajen wannan jigila tsoho ne tukuf, daga zamanin Netscape, ana kiran sa cookies.txt. Layinsa na farko yakan zama # Netscape HTTP Cookie File, sannan kowane kuki ya ɗauki layi guda mai gurbi bakwai, kamar haka:

.example.com	TRUE	/	TRUE	1893456000	sid	a8f3k29x

Daga hagu, na farko sunan shafin ne. TRUE na farko yana nufin rassan shafin ma za su ga kukin. Sandar nan da ta karkace tana cewa kukin ya shafi kowane sashe na shafin. TRUE na biyu yana cewa kada a aika shi sai ta hanya mai tsaro, wato HTTPS. Doguwar lambar ita ce ranar mutuwa, a nan 1 ga Janairun 2030. Sai sunan kukin, sai abin da ke cikinsa, wanda shi ne lambar mai gadin babura. Tazarar da ke tsakanin guraben da maɓallin Tab ake yin ta. Manhajar rubutu da ta mayar da ita tazarar da aka saba sawa tsakanin kalmomi ta lalata fayil ɗin, kuma da ido ba za ka ga bambanci ba. Na san wanda ya ɓata yini guda a kan wannan kaɗai.

Manhajoji da yawa suna jin wannan yaren. Curl da wget, masu ɗauko shafuka ba tare da burauza ba, suna karanta shi kuma suna rubuta shi. Manhajar sauke bidiyo ta yt-dlp tana karɓar sa, har tana da umarnin da zai ɗebo kukis kai tsaye daga burauzar da ke kwamfutar, ko da yake da Firefox abin ya fi tafiya lami lafiya saboda kullen da muka ambata. Python na da MozillaCookieJar, sai dai idan ba ka gaya masa ba zai zubar da kukis ɗin da ba su da ranar mutuwa, waɗanda ake nufin su ɓace da rufe burauza, alhali sau da yawa su ne na shaida.

Masu gwajin shafuka sun fi son kayan da ke tuƙa burauza da kansu. A Playwright, wanda Microsoft ya fitar a 2020, mutum yakan shiga asusunsa sau ɗaya, ya ba da umarnin storage_state, sai a rubuta masa fayil mai ɗauke da kukis da wasu bayanan da shafin ya ajiye. Ya kai fayil ɗin wata kwamfuta, burauzar can ta tashi a matsayin wadda ta riga ta shiga. Selenium, wanda ya girme shi, yana da get_cookies da add_cookie, amma yana da sharaɗi: sai ka buɗe shafin tukuna kafin ya yarda ka sa masa kuki, in ba haka ba ya ce sunan shafin bai dace ba. Can ƙarƙashi kuma akwai wata ƙofa da Chrome take buɗe wa masu gyaran shafuka don su ba ta umarni daga waje. Ɓarayi sun yi ta bi ta nan bayan kullen 2024, har Google ya sa daga Chrome 136, a 2025, ƙofar ta daina buɗuwa a kan ainihin foldar da mutum yake amfani da ita kullum, sai an nuna mata wata daban.

Wata dabarar da sababbin shiga suke fara gwadawa ita ce rubuta document.cookie a cikin burauza su kwafi abin da ya fito. Abin da zai fito rabin kaya ne. Tun 2002 Microsoft ya shigo da wata alama mai suna HttpOnly, wadda ke ɓoye kuki daga irin wannan tambayar, kuma duk shafin da ya san abin da yake yi yana sa ta a kukin shaidarsa.

A ce duk an tsallake waɗannan, kuki ya sauka lafiya a sabon gida. Har yanzu da sauran rina a kaba, domin hukunci na ƙarshe na uwar garke ne. Lambar da ke jikin kukin ba ta da amfani sai idan fayil ɗinta yana nan a ɗakin ajiya. Idan ka danna fita a tsohuwar kwamfuta bayan ka kwafi kukin, shafin da aka gina da kyau zai yage fayil ɗin, kwafin da ke hannunka ya zama takardar tsire. Wasu shafukan suna sauya lambar a kai a kai. YouTube na cikinsu, shi ya sa masu yt-dlp suke ba da shawarar a shiga ta tagar sirri, a fitar da kukis, a rufe tagar kada a sake buɗe ta, don kada burauza ta karɓi sabuwar lamba ta kashe wadda aka ɗauka. Wasu suna duba adireshin IP da irin burauzar: kukin da aka bayar ga Chrome a Windows, ya ɓullo bayan minti biyu daga wata ƙasa a bakin wata manhaja, dole a yi masa tambayoyi. Bankuna sukan kashe shaidar shiga bayan 'yan mintoci na shiru, don haka kwashe kukinsu wahalar banza ce. Chrome ma da kanta, tun 2022, ba ta barin kuki ya wuce kwana 400 ko me shafin ya rubuta.

Sannan ba kowane shafi ne yake ajiye shaidarsa a kuki ba. Burauza tana da wasu ɗakunan ajiya, localStorage da IndexedDB, waɗanda cookies.txt bai san da zamansu ba. WhatsApp na kwamfuta misali ne: makullan da suka haɗa shi da wayarka suna cikin irin waɗannan ɗakunan, don haka ko ka kwashe kukis duka, sai ka sake nuna wa waya tambarin nan mai murabba'i.

A nan ne ya kamata a faɗi abin da ya sa kamfanonin burauza suke ta ƙara wa aikin wuya. Matakan da mai gaskiya yake bi don ya kwashe kukinsa su ne dai matakan da ɓarawo yake bi don ya kwashe na wani, babu bambanci ko na layi ɗaya. A watan Oktoban 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki wani ɗan ƙari na Firefox mai suna Firesheep don ya nuna girman matsalar. Ka zauna a wurin da ake amfani da Wi-Fi na kowa da kowa, sai hotunan mutanen da ke kusa da kai su jero a gefen allo, ka danna ɗaya ka shige Facebook ɗinsa, saboda a lokacin kukis a buɗe suke yawo a iska. Abin kunyar ya taimaka wajen tura manyan shafuka zuwa HTTPS. Da aka toshe iska, sai ɓarayi suka koma cikin kwamfutar kanta. A 2021 masu kutsen da suka shiga kamfanin wasanni na Electronic Arts suka ce da kukin manhajar hirar ma'aikata ta Slack, da suka saya dala 10, suka fara, suka ƙare da kwashe tushen wasan FIFA 21. A watan Maris na 2023 tashar Linus Tech Tips ta YouTube, mai mabiya sama da miliyan 15, ta faɗa hannun 'yan damfarar kuɗin kirifto bayan wani ma'aikaci ya buɗe fayil da ya zo da kamannin takardar tayin talla. Mutanen da sana'arsu ke nan, bayanin kwamfuta, kuma suna da tabbatarwa ta biyu, amma ba a ko taɓa kalmar sirrinsu ba. Wata guda bayan haka hukumar FBI da 'yan sandan ƙasashe da dama suka rufe Genesis Market, kasuwar da ake sayar da kukis da shaidun da aka sato daga kwamfutoci sama da miliyan ɗaya da rabi, har da manhajar da za ta sa burauzar mai saye ta yi kama da ta wanda aka yi wa satar.

Saboda haka fayil ɗin kukis da ka fitar ya fi kalmar sirrinka haɗari, tunda ita tana da shinge na biyu a bayanta, shi kuwa babu. Ba abin turawa ta imel ko WhatsApp ba ne, ba kuma abin mantawa a filasha ba. A fitar da na shafin da ake bukata kaɗai, a kulle fayil ɗin kafin ya bar kwamfuta, a goge shi da zarar ya gama aiki. Masu rubuta manhaja su kula kada ya bi sauran fayiloli zuwa shafin ajiyar manhajoji na GitHub, kuskuren da Playwright da kansa yake gargaɗi a kai. Ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza don fitar da kukis ma abin taka-tsantsan ne, don izinin da suke nema na ganin komai ne, kuma an taɓa cire wata shahararriya daga shagon Chrome bayan an gano tana aika bayanan mutane waje. Duk wanda ya ce ka turo masa kukis ɗinka zai gyara maka asusu ko ya ƙara maka mabiya, asusun yake so. Ɗaukar na wani ba da izininsa ba kuwa, ko miji ne ko mata ko maigida a wurin aiki, shiga ce ba bisa ƙa'ida ba, kuma a Najeriya Dokar Laifukan Intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a kai.

Alamu sun nuna ƙofar za ta ci gaba da tsukewa. A watan Afrilun 2024 Google ya bayyana wani tsari da ake taƙaita sunansa da DBSC, wanda zai ɗaure shaidar shigar mutum da wani makulli da ke cikin guntun ƙarfen tsaro na kwamfutar, TPM, makullin da ba ya fita ko an so. Shafin zai riƙa ba da kukis masu gajeren rai, kuma kafin ya sabunta su sai burauza ta nuna tana riƙe da makullin. A duk shafin da ya rungumi wannan, kukin da aka kai wata kwamfuta zai mutu cikin ɗan lokaci, na ɓarawo da na mai kaya baki ɗaya. A ganina cinikin ya yi, ko da yake masu sarrafa ayyukansu da manhaja za su ji a jikinsu. Dama su akwai hanyar da aka tanadar musu: manyan shafuka da yawa suna ba da makullin API, wanda ake iya taƙaita abin da zai taɓa, a kuma soke shi shi kaɗai ba tare da an taɓa sauran asusun ba.

Ni dai da na dawo daga shagon, zama na yi bayan sallar isha'i da waya a gefe, na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda nake amfani da su da gaske ba su kai goma sha biyar ba, kuma kafin ƙarfe goma na gama. Na goge filashar. Daga nan na shiga sashen tsaro na asusun imel ɗina, inda ake jera na'urorin da ke riƙe da shaidar mutum, don in kori tsohuwar kwamfutar kafin in ba ɗan yayata ita. Na same ta a jerin na kore ta. A ƙarƙashinta akwai wata wayar da na sayar tun bara, har ranar ba a fitar da ita ba.